Mai Zuba Gishiri a Gahawa

Pinar del Río, 3 ga Maris

Yaya Onelia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki share min ɗakin baya, ina nan tafe da akwatina. Aurena da Evelio ya ƙare.

Kin san mutumin da ke karanta mana jarida a masana'anta muna naɗin sigari. Jiya ya hau kujerarsa ya karanto wani gajeren labari: wai wani magidanci ne, matarsa ko ɗaga kai ba ta yi ta dube shi, shi kuwa duk Alhamis sai ya sulale bakin kogi wajen wata. Labarin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kowa ya kama buga wuƙarsa ta yankan taba a kan katako kamar yadda muke yi in abu ya burge mu, na ma fi kowa bugawa. Sai mutumin ya gyara tabarau ya faɗi sunan marubucin. Evelio! Mijina, mai askin da ko wasiƙa bai taɓa rubuta min ba! Mutum ɗari biyu suka juyo suna kallona, wuƙata tana sama.

Shekara ashirin da shida da aure, Yaya. Na yi kuka har na gaji. Ga shafin jaridar na yanko miki.

Ƙanwarki,
Eulalia

Matanzas, 9 ga Maris

Lala,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, kanki ne ba sauƙi.

Sau uku na karanta, na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo. Ke dai tun kina ƙarama zuciyarki ta fi kunnenki sauri. Matar bakin kogin nan tana zuba gishiri sau biyu a gahawa, tana da tabon wuƙa a babban yatsa, rigarta shuɗiya mai jan maɓalli guda. To wa ya ɗinka jan maɓallin? Ni! Wa kuma ke yi wa Mama ƙarya duk Alhamis kafin ku yi aure cewa kin tafi coci?

Ta gidan ma ke ce, mai dawowa a gajiye ta ba shi baya. Wawan nan da ke yake cin amanarki. Kewarki yake yi, bakinsa ya kasa faɗa, ya je ya faɗa wa duk gari.

Ɗaki a share yake. Amma kafin ki hau mota, ki leƙa bakin kogi ranar Alhamis.

Ki huta lafiya,
Yayarki Onelia

Pinar del Río, 14 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na je. Yana zaune a kan dutsen nan namu da butar gahawa. Wai Alhamis tara ke nan yana zuwa, ko zan tuna. Na wanke shi tas kan kunyar da ya ba ni, yana ta murmushi. Gishirin ma mantawa ya yi, sai da na ciro nawa a jaka.

Ki bar ɗakin. In shuɗiyar rigar tana wajenki, ki buɗa ɗinkinta sosai ki aiko kafin Alhamis.

Taki,
Lala