Duhun Maƙerarka, Baba

Assalamu alaikum Baba. Ɗanka Sabi'u ne daga Riyad, wanda ya ajiye maka zugazugi ya ce shi birni zai tafi.

Ka san ni da baki. Shi ya ciyar da ni a kasuwar Batha, shi ya samo mini aikin walda a unguwar Utaiƙa. To, bana ya jawo mini.

Kafilina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a nan, ya karɓi gyaran wata tsohuwar rumfar ƙarfe a wani ƙauye, inda masu ganga ke tsayawa ranar biki. Mutanen garin suka ce ba walda, da gawayi da guduma kakanninsu suka ƙera ta, haka za a gyara. Aka rasa mai iyawa. Na bugi ƙirji na ce ni ɗan maƙeri ne, jikan maƙeri. Ban yi ƙarya ba, Baba, rabin zancen kawai na faɗa.

Furannin ƙarfe bakwai ne a kan ginshiƙanta, duk sun lanƙwashe. Na hura wuta a fili, rana tsaka. Ina ganin ƙarfe baƙi ina ta zuga, ashe ya daɗe da yin ja, hasken rana ne ya ɓoye. Na farko ya ƙone. Na ce tsautsayi. Na biyu ma ya bi shi.

A nan na tuna maƙerarka, ba taga, sai ƙofa ƙarama. Na taɓa ce maka kamar kabari. Ba ka ɗago ba, ka ce, "Ƙarfe ba ya faɗin gaskiya a rana." Na ɗauka surutun tsufa ne.

Na kewaye wurin da buhunhuna har ya yi duhu. Sai ga launin ƙarfe yana tasowa, ja, sannan ruwan goro. Biyar ɗin sun miƙe, Baba. Biyun kuwa ba su dawowa.

Zan iya haɗa na jabu, in shafa fenti, ba mai ganewa. Na yi abin da ya fi haka a kasuwa. Amma hannuna ya ƙi. Asabar kafili zai zo, zan ajiye masa ƙonannun a gabansa. Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take, wataƙila jirgin gida zai sa ni.

In na dawo, maƙerar ma an rushe, kai ma ba ka nan.

Ka yafe mini, Babana. Ni da na kira ɗakinka kabari, ina roƙon Allah Ya haskaka naka.

Ɗanka mai bakin nan,
Sabi'u