Jitar da Na Karanta Daga Dama

Zuwa ga Baban yara, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da na sha shekara ashirin da shida ban ƙoshi ba, hasken idona. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka.

Ka san bakina da nauyi, abin da ke raina ba ya fitowa idan kana kallona. Shi ya sa na rubuto, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu.

Godiya na zo yi. Tun aurenmu, in ka gama kaɗa jitarka, a bayan ƙofa kake jingine ta, ina share gefenta, ban taɓa sa mata hannu ba. Sai ciwon nan ya zo ya kwantar maka da hannun hagu, gidan ya yi tsit kamar bishiyar da tsuntsaye suka yi wa ƙaura. Wayyo, wannan shirun! Na daɗe ina juya abin a raina, na tambayi na gaba da ni, na roƙi Allah zaɓi, sannan na ce ka koya min. Ba ka ce na tsufa ba. Ka jawo takarda ka zana layi shida, ka ɗiga inda kowane yatsa zai zauna, ka ce layin farko shi ne tsirkiya mai kauri.

To ni da na buɗe ido a kan allo, ta ina zan fara ƙirga in ba daga dama ba? Mako biyu cur ina ɓuya a kicin ina danna wa baiwar Allah wuya a juye, tana kuka kamar ƙofar da ta sha ruwa, ni kuwa ina cewa laifin kunnena ne. Ranar da na zo nuna maka, ka dubi yatsuna, ka dubi takardar, ka ce Malama ta karanto maka jita da ajami. Ka yi dariya, Baban yara! Da rabin baki, har da hawaye, dariyar farko tun dawowarmu daga asibiti. Wane ruwan sama ne ya taɓa jiƙa ƙasa kamar yadda ta jiƙa min zuciya? Wallahi da na san kuskurena zai haifi wannan, da tuni na yi shi.

Sannan ka ɗora jitar a cinyarka, ka kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya ka ajiye kowanne a gurbinsa. Na danna, ka kaɗa da hannun dama. Sauti ɗaya tak ya fito, wankakke, kamar iskar da ke riga hadari isowa. Ban san kuka nake ba sai da hawaye ya ɗiga a kan katakon.

Yanzu ga roƙona. Jiya ina ninke kaya na ji ka a waya, ba laɓe na yi ba, Allah ya sani, kana ce wa ƙanenka ya zo ran Asabar ya ɗauke jitar, wai ka ga kan yatsuna ya tsage, ba za ka wahalar da ni ba. Haba, sanyin raina! Yatsun da suka sha wuƙa da ruwan zafi ne za su ji tsoron tsirkiya? Har sun fara kanta. Na yanke farce, na bar matse wuyan kamar zai gudu, ƙaramin yatsan nan mai taurin kai ma ya fara jin magana. Idan jitar ta fita daga gidan nan, na san abin da zai bi ta, kuma ba zan iya sake kallonka kana kallon bango ba.

Don girman Allah, idan ƙanenka ya zo ka ba shi ruwa, ku gaisa, ya koma hannu rabbana. Na haddace zane na biyu da ka yi min, ban yarda na kaɗa shi ba, don so nake mu ji shi tare. Na matso maka da kujera ta damana.

Taka a lafiya, taka a ciwo, har ranar da za a kira ɗayanmu,
Maman yara