Dutse Fuska Biyu Gare Shi

Jikana Sadiƙu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya baƙunta? Ina amaryata da yara? Mu nan Dutse Uku lafiya lau, sai gwiwa.

Uwarka ta ce wai za ka Tanzaniya hawan dutse mai ƙanƙara a ka, ba kiwo ba, ba haƙar kuza ba. Tun da na ji, zama ya gagare ni, tuwo ma ba ya shiga.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama na hau duwatsun Shere da ƙanena Garba. Sama kawai muke kallo. Da muka juyo, hanyar da muka bi ta zama baƙuwa. Garba ya zame, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

Dutse fuska biyu gare shi, ta hawa da ta sauka. Kana hawa kana waiwaye, ka haddace ta biyun. Kada ka sa sabon takalmi. Ɗan ƙasar da zai ja ku, bi sawunsa, digirinka bai san dutsensu ba. In kanka ya fara sarawa, sauko, ba abin kunya ba ne. Saukar kuwa a kaikaice ake yinta, baki ba zai iya kwatanta ta ba.

Ka gaida abokan tafiyarka, ka sa mu a addu'a.

Uwarka ta ɓoye sandata don kada in fita. Gobe da safe zan hau dutsen bayan gidanmu haka nan, Oga Emeka mai shago zai ɗauke ni bidiyo a waya, a turo maka ka ga yadda ake sauka.

Kakanka,
Malam Tanko