Kiran Gona a Saman Bene

Hayyus Sabi'i, Alƙahira
4 ga Maris, 2014

Zuwa ga uwargidana Sabuwa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Fatna da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa kina shafa man da na bari, ba ki rabar wa maƙwabta ba yadda kika saba.

Kada ki ga takarda maimakon waya ki tsorata. Likita ne ya hana ni magana, ni da kike cewa ko a barci bakina ba ya hutawa. Ina gidan Hamad ɗan ƙanena, har shagonsa na kasuwar Ataba yake rufewa ya kai ni asibiti.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da ke maƙogwarona ba mura ba ce. Za su yanke shi ranar ashirin ga wata, kuma da murya zai tafi. Na yi hamdala, amma abu ɗaya ya dame ni.

Ba waƙoƙina nake ji ba, suna nan a kaset. Kiran gona nake ji. Tun ina ɗan shekara tara nake yin sa a kan rumfar korar tsuntsu a garinmu Maiwurno, can Sudan: murya ta taso daga ƙirji, ta yi tsalle ta koma siririya, ta faɗo, ta sake tashi, abokina Bakri ya amsa daga gonar ubansa. Shekara arba'in muka yi ni da shi muna zaburar da 'yan gayya. Amma duk zuwanmu gidan rediyo sai a ce kiran yana fasa na'ura, mu yi waƙa kawai. Yanzu motar noma ta kashe gayya, yara sun koma waƙar fiyano, babu wanda ya koya. In na yi shiru, ya tafi ke nan.

Hamad ya samo wata baiwar Allah, Eman, mai tara waƙoƙin ƙauye a unguwar Zamalek. Za ta ɗauki kiran ranar sha takwas. Likita ya ce abin da ya rage mini bai wuce na zama ɗaya ba, don haka nake tattalinsa kamar irin shuka. Zuma, ruwan ɗumi, sai nuni da hannu.

Ki gaida Bakri, ki ce na ce kwanciyar nan tasa ragwanci ne, ya tashi.

Mijinki,
Ishaq

19 ga Maris

Sabuwa,

Ina gaishe ki, yaya haƙuri? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya da hantsi wayar Fatna ta shigo da labarin rasuwar Bakri. Hamad ya so ya ɓoye mini har a gama ɗaukar, amma fuskarsa ba ta iya ƙarya ba. Ashe ina nan ina tsokanar Bakri, shi kuwa yana haɗa kayansa.

Tsohon da ya koya mana kira ya bar mana ƙa'ida: in ɗaya ya rasu, ɗayan zai fuskanci gonarsa ya yi masa kira uku a ranar, a fili, ƙarƙashin sama. Hamad ya yi ta roƙona in bari sai mun je wajen Eman da la'asar in yi a can. Na rubuta masa cewa mutumin da ya amsa mini a tsakar rana shekara arba'in ba zan sallame shi a ɗaki mai katifa a bango ba. Ya biyo ni da wayarsa zai ɗauka, na kore shi, don kiran mamaci ba na na'ura ba ne. Kin dai san taurin kaina. Kuma gaskiya na ɗauka muryar za ta ishi duka biyun, kiran Bakri da ɗaukar Eman.

Na hau saman bene hawa bakwai, tsakanin igiyoyin shanya, na fuskanci kudu. Na farko ya fita kamar ina saurayi, har tantabarun maƙwabta suka tashi, wata Bamisiriya mai shanya ta saki baki. Na biyu ma ya fita. A na uku, murya ta yi tsallen ba ta sauko ba, sai ɗanɗanon jini. Kuma kin san abin da na yi? Tsayawa na yi ina saurare, ina jiran amshi.

Mun je Zamalek. Eman ta kunna na'urarta, na buɗe baki sau biyar, iska kawai. Ta ba ni shayi tana ta ma'alish, tana ba ni haƙuri, Hamad ya juya baya yana share ido.

Gobe za a shiga da ni. Ki yafe mini duk abin da na yi miki.

Ishaq

3 ga Afrilu

Uwargidana Sabuwa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. An yi aiki lafiya, ina shan kunu, likita ya ce tamam, komai daidai. Ki shirya zama da miji mai shiru, addu'arki ta shekara da shekaru ta karɓu.

Wasa nake yi, amma zuciyata a ƙuntace take. Wani lokaci ina jin kiran yana tasowa a ƙirjina, ya zo wuya ya tarar babu hanya. Hamad bai taɓa cewa ai na gaya maka ba, Allah ya yi masa albarka. Na tambayi kaina ko na yi wauta. Na yi. Da za a mayar da ni ranar, benen zan sake hawa.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ki jira dawowata. Ki je wajen Amna matar Bakri kafin ta fita takaba. Na san tana ganin an binne mijinta babu wanda ya kira masa. Ki faɗa mata an yi masa, ranar Talata, daga Masar, sau uku. Kada ki ce mata na ukun bai kai ƙarshe ba.

Nawa kuma, in ranar ta zo, kada ki sa kunne. Addu'a ta ishe ni.

Naki har kullum,
Ishaq