Ba Wannan Sallamar Ba

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki?

Makon jiya a aji aka raba mana takardar tambayoyi: in marar lafiyar da ba zai tashi ba ya roƙi likita ya kawo ƙarshen wahalarsa, ya dace a yi masa? Na rubuta "a'a" da ƙarfi har biro ya huda takardar.

To, Goggo, baki shi ke yanka wuya. A ɗakin maza na asibitin da muke koyon aiki akwai wani tsoho mai gyaran agogo, ciwon daji ya cinye masa ƙashi. Ina duba shi ya kama hannun rigata ya ce, "'Yata, ki sallame ni." Ni da rawar kai na ruga neman takardar sallama. Da ya gan ta ya yi murmushi ya ce, "Ba wannan sallamar ba."

Ba zan yi ba, wallahi. Amma kwana uku ke nan ina kauce wa gadonsa, shi kuwa yana bin bayana da ido. Kunya ta ishe ni. Yaya zan yi?

'Yarki

'Yar Goggo,

Ƙafa da sauƙi. Ke dai har yanzu gaggawarki tana nan.

Bari in gaya miki abin da na ɓoye shekara goma sha biyar. Ubanki ma ya roƙe ni haka lokacin da nake jinyarsa. Na gudu tsakar gida na yi kuka na ƙoshi. Da na dawo na ce masa, "Yaya, wannan ba a hannuna take ba, amma ga ni." Na ja kujera na zauna. Gudun da na fara yi ya fi ciwon yi masa zafi, shi ya faɗa mini.

Ki matsa wa manyanku su ƙara wa tsohon nan maganin zafi. Ga agogon ubanki da ya tsaya, ki kai masa.

Allah ya yi miki albarka.

Goggonki

Goggo,

Ina gaishe ki. An ƙara maganin. Kwana tara yana fama da agogon, ni ke riƙe masa madubin ƙara girman abu yana yi mini faɗa wai hannuna na rawa.

Jiya da hantsi Mai sallama ya sallame shi, ina zaune a gefensa. Agogon Baba yana tafiya.

In aka sake kawo takardar nan, "a'a" zan rubuta, amma ba zan huda ta ba.

'Yarki