Teɓar da Kuke Kewa

Jidda, Maris 2008

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da mutanen Limawa.

An ce Inna ta yi kuka da ganin hotona, wai na rame, maƙwabta kuma na cewa wahala nake sha. Su yi ta faɗa! Ciwon suga gare ni, na ɓoye muku ne. Likita ya ce sigari da teɓar nan da kuke kira jin daɗi su ne ke cina ta ciki. Na bar sigari, ko da yake hannuna yakan laluba aljihu.

Ki kafa hoton a falo. Baba da teɓarsa sugan nan ya sa aka yanke masa ƙafa. Ni da ƙafafuna biyu zan dawo Minna, in sha Allahu.

Ƙaninki,
Zikrullahi