Mai Riƙe Wayar Rediyo

Zongo, Kwatano

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya a Kaduna. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi, wadda ka ji wa ciwo a aikin soja. Mu nan lafiya lau. Inna tana fita kasuwar Dantokpa da atamfofinta, Seydou ya shiga lakwal, wato makarantar boko, Bibata ta fara tafiya tana kama zanen kowa. Ni kuma Gwaggo Lantana tana koya mini ɗinki.

Baba, duk Juma'a bayan la'asar tsakar gidanmu cika take yi saboda shirinka. Tun da ka bar rediyon nan, da ka ce bakinka ba zai iya kiran dattijo "kamarad" ba yadda gwamnati ta ce a riƙa kiran kowa, mutanen Zongo suke bin muryarka har can. Malam Idrisu direba ya ce har yanzu kamar kana ba da umarni a fareti kake magana. Ranar da ka yi wa samari faɗa kan gaida manya hannu cikin aljihu, Seydou ya zare nasa da sauri, kowa ya yi dariya.

Sai dai muryar daga nesa take zuwa, ba ta fita sai an ɗaga wayar eriyar da ka ɗaura a katanga kafin ka tafi. Ni ce nake hawa kan durom ɗin ruwa in riƙe ta. Daga can amonka kawai nake ji, sai an gama a ba ni labari. In na sauko don in ji da kyau, sai ka ɓace, a ce in koma.

A ƙarshen shiri kana gaida mutane. An ce ka gaida Seydou, ka gaida Bibata, har Malam Idrisu. Ni na san dalilin da ya sa ba ka ambatona. Ni ce 'yar fari, kuma kai da kanka ka faɗa a rediyo cewa uba mai kunya ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ban ce ka sake ba, Baba. Amma Lami ta gidan gaba ta ce a bakin famfo, gaban 'yan mata, wai ka manta kana da ni. Na dawo da bokitina ko rabi bai kai ba. Da kana gida, in ka ce "ke" na san da ni kake, don kana dubana. A rediyo ba na ganin idonka.

Bayan Babbar Salla Gwaggo za ta tafi da ni Parakou, kuma ba ta da rediyo. Roƙona, kafin nan, ko sau ɗaya ka gaida mai riƙe waya a Zongo. Ba sai ka faɗi suna ba. Seydou ya yi alkawarin zai ɗaga mini hannu in ka faɗa, don wataƙila ba zan ji daga kan durom ba.

Inna tana gaishe ka, da Gwaggo Lantana da yara. A gaida Kawu Muhuyi da ya ba ka masauki.

Taka mai biyayya,
Ma'u. Na rubuta sunan don ka gani, ba don ka faɗa ba.